Jikin Lea, Fuskar Rachel

"Wannan hannuna ne..."

Lea ba ta san a fili ta faɗa ba, sai da mai kabu-kabun da ya kawo ta ya waiwayo ya ce, "Na'am?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta na can sama, a kan sabuwar afish ɗin da aka kafa a goshin butik ɗin Hajiya Zalihatu, nan bakin gudron, wato titin kwalta, inda duk motar da ta ratsa Dogon Dutsi sai ta gifta. Ƙaton hoto ne, ya fi ƙofar butik ɗin tsawo. Ga leshi ruwan zuma, wanda ita ta saka. Ga sarƙar da ta yi mata nauyi a wuya ranar. Ga lallen da ta wuni zaune ana zana mata har ƙafafunta suka yi tsami. Kai, har tabon man ƙosai ga shi nan a gindin babban yatsa, tabon da ta samu tun tana ƴar ƙarama.

Jikinta ne, tun daga wuya har ƙasa.

Amma fuskar da ke murmushi a saman wuyan, ta Rachel ce.

Rachel fa! Ɗiyar gwaggonta, wadda suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a ƙungiyar waƙa ta coci. Rachel da ko warin leshin nan ba ta ji ba!

"Ya yi kyau ko?"

Muryar daga bayanta ta fito. Rachel ce tsaye da ƙatuwar tabarau, tana kaɗa makullin gida a yatsa, bakin nan ya ƙi rufuwa.

"Yaushe kika saka kayan ga?" Lea ta tambaya.

"Ni? Ban saka ba. Dani ya kira ni, ya ce in zo da kwalliyata kawai, sauran aikin nashi ne." Ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "Kada ki ji haushi, ƴar uwa. Kin ba da jiki, na ba da huska. Kowa da abin da Allah ya ba shi."

Ta faɗi haka tana kallon kumatun Lea. Ba a ɓoye ba, a'a, kallo sosai, daga gefen baki har zuwa kunne.

Lea ta haye kabu-kabun da ko tashi bai yi ba.

"Kai ni wurin Danyel mai hoto."

*

Bari in gaya muku wani abu game da fuskar Lea, don a nan maganar take.

Doguwa ce, baƙa mai sheƙi, idanu kamar an wanke da nono. Amma tana da tsagar Arawa, biyu-biyu a kowane kunci, sun taso daga gefen baki sun nufi kunne. Kakarta ta Kiéché ce ta sa aka yi mata tun tana jaririya, mahaifinta Malam Istifanus yana can wajen aiki, kafin ya dawo an gama. Duk ajinsu a lekol ita kaɗai ce mai tsaga. Ta sha suna iri-iri a bakin yara, ta sha kuka, har ta koyi tafiya kai a sunkuye.

Danyel ne ya fara ɗaga mata kai.

A wani biki suka haɗu, yana ɗaukar amarya da ango, ita tana raba zoɓo. Ya sauke kamera daga ido, ya tsaya yana kallonta kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Ba ma'aikacin kowa ba ne Danyel, kansa yake yi wa aiki. Ƴan kasuwa su ba shi atamfa, leshi, sarƙa ko kayan kwalliya, shi ya nemo yarinya mai kyau ta saka, ya ɗauka, ya gyara a ordinatar, wato kwamfuta, su kuma su watsa a waya. Ya bi ta har gida. Malam Istifanus ya ce ɗiyarsa ba kayan talla ba ce, ba za a kafa ta a kasuwa kamar kabewa ba. Danyel ya yi ta zarya, ya durƙusa, ya rantse ba rigar banza, ba fita da dare, ba wurin da zai kai ta da ba a sani ba. Da ƙyar tsohon ya ce to.

Hoton farko da ya yi mata, da ta gani a fuskar kamera, sai da ta ce, "Wace ce wagga?"

"Ke ce, sheri. Haka nake ganinki kullum."

To wace yarinya ce za a gaya wa haka ta kwana lafiya? Kafin damina ta fita, Lea ta faɗa son Danyel har wuya, shi ma duk garin an san inda babur ɗinsa ke tsayawa da la'asar.

Sai dai bayan hoton nan na farko, wani abu ya sauya. Duk hoton da ya fita, daga wuya ne zuwa ƙasa. Hannu da awarwaro. Kafaɗa da gyale. Ƙugu da zane. Da ta tambaya, ya ce ai yawancin masu ba shi aiki samarin ƴan kasuwar nan ne masu riƙon addini, ba sa son fuskar mace a tallarsu. Ta yarda. Me zai hana ta yarda? Ta san su, ko gaisawa da mace sai sun kau da kai.

Yau ga fuska an saka. Ashe ana sakawa. Tata ce dai ba a so.

*

Ɗaki ɗaya ne wurin aikin nasa, bayan tasha, da farin ƙyalle a bango da fitilu masu lema. Yana zaune gaban ordinatar ta banko ƙofa.

"Sheri! Kin..."

"Kada ka ƙara ce mini sheri!"

Ya miƙe. Daga ganin fuskarsa, ya san daga ina take.

"Lea, zauna in yi miki bayani."

"A tsaye na wuni ka ɗauke ni, a tsaye zan ji. Ka yanke mini kai, Danyel? Ka yanke kaina ka ɗora na Rachel?"

"Aiki ne kawai. Ana yin haka, montaj ne..."

"Rachel ba ta da jiki ne?"

"Leshin ya fi zama a jikinki."

"Ni kuma ba ni da huska?"

Ya kau da kai.

"Da kai nake! Mi huskata ta yi?"

Ya kalli ƙasa, ya kalli fitila, ya kalli ko'ina ban da ita. Da a ce ya buɗe baki ya faɗi gaskiya a nan, da an huta. Amma namiji in ya ƙi faɗin abin da ke cinsa, sai ya jawo ƙaryar da ta fi kusa da hannunsa, bai duba kaifinta ba.

"Hajiya ce ta so haka," ya ce a hankali.

"Ta ce mi?"

"Ta ce... ta ce masu sayen leshi ƴan birni ne. Tsaga ba ta sayar da kaya."

Wayyo Lea.

Ta daɗe tana jin wannan magana a bakin duniya, amma ba ta taɓa zaton za ta fito ta bakin nan ba. Ta kai hannu ta shafa kuncinta kamar an mare ta.

"Kai kuma ka ce mi?"

"Ni... mai kaya ya fi ni iko da tallarsa."

"Shi ke nan."

"Lea..."

"Na ce shi ke nan. Allah ya ba da kasuwa."

Ta fita ba ta ja ƙofar ba. Sai da ta kai kwanar masu gyaran taya kukan ya ƙwace mata.

*

Kwanakin da suka biyo baya, kishi ya ci Lea kamar gara ta samu buhu.

Ya kira, ta ƙi ɗagawa. Ya turo saƙo, ta goge ba ta karanta ba, sannan ta zauna tana cizon yatsa don ba ta karanta ba. Ta rantse ba za ta ƙara bi ta bakin gudron ba, amma ko gishiri aka aike ta saye sai ƙafarta ta kai ta gaban butik ɗin. Ta tsaya tsallaken hanya tana kallon Rachel na yi wa gari murmushi da wuyanta, da hannunta, da lallenta.

Ita kuwa Rachel, sai abin ya zama kamar an naɗa ta sarauta. A coci ana ta taɓa ta, "Ke, ashe haka kike da tsawo a hoto?" Sai ta yi fari da ido ta ce, "Dani ya san aikinshi."

Dani. Dani. Wa ya ba ta izinin yanke masa suna?

Wata ranar Asabar, bayan koyon waƙa, Rachel ta matso kusa da ita a kan benci.

"Kin rame, ƴar uwa."

"Lahiyata lau."

"Ni tausayi yake ba ni, bawan Allah. Kin san da can in ya ɗauke ki, sai ya raba rana yana goge miki tsagar nan a ordinatar? Har ido ya fara yi mishi ciwo. Ni kuwa ya ce ko taɓa ni ba ya yi, yadda na fito haka yake bugawa."

Ƙarya ce tsagwaronta, Danyel bai taɓa faɗa ba. Amma Lea ina ta sani? Ta miƙe ta bar littafin waƙarta a nan.

Washegari da ƙafarta ta je bayan tasha, wai wucewa za ta yi. Tagar a buɗe take. Ta leƙa. Rachel ce zaune a kan kujerar da ita ta saba zama, an ɗaura mata gwaggwaro, Danyel ya sa yatsa biyu ya ɗan juya mata haɓa wajen haske. Abin da yake yi wa kowace yarinya ke nan, Lea ta sani sarai, a gabanta ya sha yi. Amma ranar ji ta yi kamar ta shiga ta kifar da fitilun nan duka. Rachel ta hango ta ta gefen ido, sai ta ƙara lumshe ido ta saki dariya ba dalili.

Daga nan Lea kasuwa ta wuce, wurin wata mai kayan shafe-shafe.

"Akwai man da ke ɓatar da tsaga?"

Matar ta dube ta sama da ƙasa. Maimakon ta ce babu, sai ta zaro wata ƴar kwalba marar suna daga ƙasan tebur. "Safe da yamma. Zai yi zafi, ki daure."

Ta daure. Ta shafa, ya yi zafi, ta ciji gyale ta ƙara. Tsaga ba ta je ko'ina ba, ina za ta je? Sai kuncin hagu da ya kumbura, ya yi ja, fatar ta saɓule kamar ƙunar ruwan zafi. Ta koma yawo da gyale a rufe da rabin fuska. Mahaifinta ya tambaya, ta ce haƙori ne.

*

Sarƙar Hajiya Zalihatu na wurinta tun ranar ɗaukar hoton. Ta yi niyyar ba da saƙo a kai, sai zuciya ta ce mata a'a, je ki da kanki, ki kalli idon matar da ta ce fuskarki ba ta sayar da kaya.

Ta sami Hajiya zaune a tsakiyar atamfofi, tana fifita da kwali.

"A'a! Ɗiyata! Yau ke ce a gari? Shigo, shigo. Ke kam kin yi mini rowa."

Lea ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye sarƙar. "Ga kayanki, Hajiya. Na gode."

"Mi ya samu huskarki kike ta rufe-rufe?"

"Ai gara in rufe, tunda ba ta sayar da kaya."

"Wa ya ce?"

Lea ta ɗago. "Ba ke kika ce ba?"

Hajiya ta ajiye kwalin.

"Ni? Ni Zalihatu? La'ilaha illallahu! Ke, dubi nan." Ta juya kuncinta wajen haske. A ƙarƙashin hoda da tsufa, ga su nan, biyu-biyu, daga baki zuwa kunne. "Ni zan ce tsagar gidanmu ba ta sayar da kaya? Ai saboda ita na ce ke nake so! Na ce ma yaron ga, in ba Lea ba, ba ni son kowa bisa ƙofata. Ya zo ya ce mini babanki ya hana a nuna huskarki, ya ce in ya kuskura tsohon zai kai shi gaban hukuma. Shi ya sa na haƙura da wannan mai kama da ƴar tsana."

Lea ta zauna daɓas a kan tabarma.

"Baba bai taɓa hanawa ba..."

"To ni ya yi wa ƙarya, ke ma ya yi miki." Hajiya ta ƙanƙance ido, sai kuma ta tafa hannu. "Tsaya! Af! Na gano shi, ɗan banza. Kin tuna hotonki na farko, mai shuɗiyar atamfa? Ranar da na sa shi a wayata, ban huta ba. Atamfar ta ƙare kafin la'asar, amma rabin masu kira ba atamfa suke tambaya ba. Wanga ya ce ɗiyar wa ce, wancan ya ce an yi mata miji? Har Armel ɗan duwan, ma'aikacin kwastan ɗin nan mai farar mota, ya tako nan da kanshi, ya ce in ba shi lambarki ko nawa ne. Yaron naki yana zaune nan inda kike, na ba shi lemo. Ina gaya miki, bai sha ba. Ya tashi ya tahi ko sallama babu."

Lea ta rasa abin da ke mata daɗi. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, ashe ba ƙyamarta yake ba. Kafin sanyin ya gama sauka, wata wuta ta taso ta bi ta kansa. Ta janye gyalen daga fuskarta.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Mi kika yi ma kanki?"

"Hajiya, ara mini wayarki. Ki ɗauke ni."

"A haka?"

"Ta gefen da bai ƙone ba. Ki sa inda kika sa na farko."

Hajiya ta dube ta, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ke ɗiyar ga, ashe ba ki da dama! Ɗauko gyalen can mai ruwan goro. Gyara tsayuwa."

*

Ko shayin da Hajiya ta aika a kawo bai huce ba, suka ji ƙarar babur kamar zai shigo cikin butik ɗin.

Danyel ne, ko hula babu, waya a hannu.

"Hajiya, don Allah ki cire! Wa ya ɗauki wanga hoto? Hasken ma bai yi ba! Kin ga abin da ake rubutawa ƙasa? Har wannan ɗan duwan ɗin ya..."

Sai ya ga Lea.

Sai ya ga kuncinta.

Ya sauke wayar.

"Lea... mi ya same ki? Wa ya yi miki haka?"

"Kai."

"Ni?"

"Kai ka ce tsaga ba ta sayar da kaya. Na je in cire ta."

Hajiya ta tattara zanenta ta miƙe. "Bari in duba wani abu a waje," ta ce, ta fita, ta tsaya daidai bakin ƙofa inda ba abin da zai wuce ta.

Danyel ya durƙusa.

"Ban taɓa... Lea, na rantse da Allah, ba abin da nake so a duniya kamar huskar nan. Tsagar nan ita na fara gani."

"Shi ya sa ka yanke ta?"

"Tsoro na ji!"

"Tsoron mi?"

"Mi gare ni? Kamera ɗaya da babur na bashi-bashi. Hoto ɗaya na fitar, ɗaya tak, masu mota suka fara layi. Na ce in garin ga ya gan ki yadda nake ganinki, an gama da ni. Da hannuna zan yi miki talla a ɗauke ki? Kishi nake, Lea. Kishi nake kamar in mutu. Ko mai gyaran taya ya gaishe ki, ranar ba ni cin abinci."

Da wata yarinyar ce, da tuni ta narke. Lea ma zuciyarta ta yi wani tsalle, ba zan ɓoye muku ba. Amma kuncinta na zafi, zafin ya riƙe ta.

"Da ka ce kishi kake, da na yi dariya na ji daɗi. Wace mace ce ba ta son a yi kishinta? Amma kai sai ka nemo wurin da ya fi ciwo a jikina ka taka. Ka san yadda na girma. Na gaya maka abin da ban taɓa gaya ma kowa ba, sunayen da aka kira ni a lekol, duka na gaya maka. Kai ka ce in ɗaga kai. Na ɗaga. Sannan ka bar ni ina tsayawa gaban madubi ina tsine ma kakata?"

"Pardon, sheri... pardon..."

"Ka bar ni ina kishin Rachel. Rachel! Ina leƙen taga kamar ɓarauniya!"

"Ba abin da ke tsakanina da ita. Ita ta ce tana so, ni kuma huska nake nema ko ta wa..."

"Ka san ta ce kana raba rana kana goge mini tsaga?"

Ya ɗago da sauri. "Ni? Ban taɓa goge ko ɗaya ba! Ƙara musu haske ma nake."

Hawayen da take riƙewa suka zubo, gishirinsu ya shiga ƙunar, ta runtse ido. Ya miƙo hannu, ta ja baya.

"Kada ka taɓa ni. Ji nan, Danyel. In kuncin ga ya warke, za ka sake ɗaukata. Leshin nan, sarƙar nan, da kaina bisa wuyana. Kai za ka hau tsani ka cire waccan, kai za ka kafa tawa. Ranar kasuwa, da rana tsaka."

Ya waiga wajen ƙofa. "Bakin gudron? Inda kowa..."

"Inda kowa."

"In Armel ya..."

"In kana tsoron Armel, ka san ƙofar gidanmu. Baba bai tashi daga inda ka bar shi ba. Namijin da ke son ya ɓoye mace, gidanshi yake kai ta da sanin iyaye, ba kai yake yanke mata ba."

Daga bakin ƙofa Hajiya ta ce, "Gaya mishi dai!"

*

Kuncin ya ɗauki lokaci kafin ya warke, ya kuma bar ɗan duhu a ƙasan tsagar. Danyel ya ce zai iya gogewa a ordinatar. Ta yi masa wani kallo, ya ce a'a, a bar shi, ya ma yi kyau.

Malam Istifanus da ya ji labarin duka, ciwon haƙorin ƙarya da sunansa da aka ara aka yi ƙarya da shi, ya ƙi amsa gaisuwar Danyel har sai da kawunnansa suka zo da kansu, shi ma yana biye, suka zauna a zaure. Ya ce yaron da ya iya ɗora kan wata a wuyan wata, me zai hana gobe ya ɗora wata maganar a kan wata? Aka yi ta ba shi haƙuri. A ƙarshe ya kira Lea ya tambaye ta a gabansu.

"Kina son shi, ko in sallame su?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina son shi, Baba. Amma a bari sai ya hau tsani."

Ba wanda ya gane sai Danyel.

Rachel kuwa ta daina zama kusa da ita a ƙungiyar waƙa. Ta aiko a gaya wa Danyel a ba ta tsohuwar afish ɗin ta ajiye. Lea ta ce a ba ta daga wuya zuwa sama, sauran ba nata ba ne.

Ranar kasuwa, gari ya cika har ya batse. Motocin Dumega da na ƙauyuka sun sauke mutane, masu kabu-kabu sun yi dafifi a inuwar da ke gefen butik. Danyel ya jingina tsani, ya hau, guduma a ƙugu. Lea na tsaye a ƙasa kusa da Hajiya, ba gyale a fuska, hannu a harɗe.

Ya cire tsohuwar, ya saki sabuwar afish ɗin ta warware.

Wurin ya ɗan yi tsit. Ita kanta Lea ta ƙura wa hoton ido. Danyel ya ɗauke ta ne ta juyo kaɗan, haske ya bi tsagar nan ya kwanta, idon nan na kallon mutum har cikin ciki. Duk son da yake mata yana cikin hoton, ba inda ya rage.

Sai wani mai kabu-kabu ya yi fito.

"Kai! Wagga fa? Ba'ara ce ta gidan gaske!"

"Mai hoto! Mai hoto! Ɗiyar wa ce?"

"A taimaka da lamba mana!"

Guduma ta kuskure ƙusa ta sami yatsan Danyel. Lea na ganin jijiyar wuyansa ta miƙe, tana ganin yadda ya ƙanƙame tsanin kamar zai karya shi. Wata farar mota ta rage gudu, aka sauke gilashi, aka daɗe ana kallo, sannan ta wuce. Bai waiwaya ba. Ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya sauko a hankali, rigarsa sharkaf da zufa.

Ya zo ya tsaya gabanta, yana tsotsar yatsa, idonsa jajir.

"Har yaushe za ta zauna a can?"

"Hajiya ta ce sai leshin baɗi ya zo."

"Baɗi? Lea, kullum ta nan nake bi. Kullum sai na ji su. Mutuwa zan yi."

Ta kamo hannun da gudumar ta sama, ta duba yatsan, ta hura masa iska a hankali, a gaban masu kabu-kabu da kowa da kowa.

"Ba za ka mutu ba," ta ce. "Ni ma ban mutu ba."